Tarakta a Ƙasa Mai Taushi: Mai Ja da Ƙafa Biyu ko Mai Ja da Huɗu?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan karon kusan duk kan abu guda suka tsaya, wato halin tarakta idan ta shiga laka, taɓo ko rairayi. Mun zaɓi bakwai daga ciki, mun taƙaita tambayoyin, amsoshin kuma mun tsawaita inda ya kamata.

Tambaya: Assalamu alaikum. Gonata a fadama take, ƙasar laka ce mai riƙe ruwa. Ina shirin sayen tarakta, an nuna mini guda biyu. Ɗaya mai ƙarfin doki 75 ce amma da ƙafafun baya kaɗai take ja, ɗayar doki 60 ce amma fowil, wato da ƙafa huɗu take ja. Zuciyata ta fi karkata ga mai 75. Me kuka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin ka dubi lambar doki, ka dubi inda nauyin taraktar ya sauka. Inji yana juya taya ne kawai. Abin da ke jan garma shi ne riƙon da tayar ta yi wa ƙasa, riƙon nan kuwa gwargwadon nauyin da ke kan tayar da ke ja yake.

Ɗauki tarakta mai tan 3. Idan da baya kaɗai take ja, kusan kashi 70 cikin ɗari na nauyinta ne ke kan ƙafafun baya, wato kamar kilo 2,100. Sauran kilo 900 da ke gaba ba ya ja, kaya ne da ake turawa. A busasshiyar ƙasa wannan ba wani abu ba ne. A laka kuwa siririyar tayar gaba, irin 7.50-16, yanka ƙasa take yi ta nutse, ta tara tudun taɓo a gabanta, sai ya zama ƙafafun baya suna aiki biyu: suna jan garma, suna kuma tura gaban taraktar ya hau tudun da ba ya ƙarewa. Mai ja da huɗu duk tan 3 ɗin nata yana kan tayoyi masu ja. Tayarta ta gaba ta fi faɗi da tsayi, irin 12.4-24, tana hawa taɓon da kanta maimakon a tura ta ciki, sannan tana danne hanyar da tayar baya za ta biyo, ta baya ta samu wurin takawa mai ɗan ƙarfi.

Ƙungiyar injiniyoyin noma ta Amurka, ASABE, tana da ƙiyasin kason ƙarfin da ke isa ga kayan aikin da ake ja, idan aka auna shi da ƙarfin sandar PTO, wato sandar da ke juyawa a bayan tarakta tana juya injuna. A kan kankare duk biyun kusan kashi 87 suke bayarwa, babu bambanci. A ƙasa mai ƙarfi, mai biyu tana ba da kashi 72, mai huɗu kusan 77. A ƙasar da aka riga aka yi wa haro, 67 da kusan 73. A ƙasa mai taushi kuwa mai biyu tana faɗowa zuwa kashi 55, mai huɗu tana tsayawa wajen 65. Ka ga tazarar tana buɗewa ne yayin da ƙasa ke ƙara taushi.

Yanzu sa taraktocinka biyu a wannan ma'auni, mu ɗauka duk lambobin na PTO ne. A ƙasa mai ƙarfi, mai 75 za ta kai doki 54 ga garma, mai 60 ta kai 46. A nan babbar ta yi gaba. A ƙasa mai taushi, mai 75 ta koma 41, mai 60 tana 39, kusan kunnen doki, alhali babbar ta fi shan mai. Idan kuma aka shiga taɓo na gaske, wanda ya wuce abin da wannan ƙiyasi ya ƙunsa, mai biyu tana iya tsayawa cik tana tonon rami, ƙaramar ta wuce da garmarta.

Don haka a gonar da ka kwatanta, mu mai 60 ɗin za mu ɗauka. Da a ce gonar tudu ce, aikin kuma jan tirela ne a hanya, juya injin casa da feshi, da sai mu ce ka ɗauki mai biyu ba tare da wata-wata ba: ta fi sauƙin saye, kayan gyaranta kaɗan ne, tana juyawa a ƙuntataccen wuri. Abu ɗaya za ka tabbatar wajen mai sayarwa, ko lambobin nan biyu daga wuri guda aka auna su. Ƙarfin inji ya fi na PTO, wasu kuma na inji suke rubutawa a jikin bodi.

Tambaya: Ni direban tarakta ne. Mai ita yana yawan cewa ina ƙona masa mai saboda taya tana juyawa a banza, ni kuma ina ganin hakan dole ne. Ta yaya za a san zamewar ta yi yawa?

Amsa: Malam direba, kai da mai gidanka kowa yana da rabin gaskiya. Taya ba ta ja sai ta ɗan zame, domin sai haƙoranta sun tura ƙasa baya kaɗan kafin ƙasar ta tokare su. Taraktar da ba ta zamewa ko kaɗan nauyi ya yi mata yawa, tana ɓata mai wajen ɗaukar kanta, kuma duk wani gigicewar garma a kan giya da aksul yake sauka. Abin nema shi ne kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ga mai ja da biyu, kashi 8 zuwa 12 ga mai ja da huɗu.

Awon ba ya buƙatar komai sai alli, turaku da tef. Yi alama a gefen tayar baya. Sa garma a ƙasa, ka tafi da giya da gudun da ka saba aiki da su. Wani ya bi ka a gefe, ya kafa turke inda alamar ta taɓa ƙasa, ya ƙirga juyi goma, ya kafa na biyu, a auna tsakaninsu. Sai ka ɗaga garma ka sake juyi goma a gefen wurin, a kan irin ƙasar, a auna. Misali ba kaya ta ci mita 44, da kaya ta ci mita 36. Bambancin mita 8 ne. Raba 8 da 44, ka ninka da ɗari, ka samu kashi 18. Wannan ya haura, a gyara. Idan ya kai kashi 25, to a kowane juyi huɗu ɗaya na banza ne, kuma man da ya juya shi an riga an ƙona.

Sawun tayar ma yana ba da labari. Idan zanen haƙoran ya fito tsaf ba ko gurɓata, nauyi ya yi yawa. Idan ana ganin zanen amma ƙasar da ke tsakanin haƙoran ta ɗan tsage ta matsa baya, daidai ke nan. Idan zanen ya goge gaba ɗaya sai ƙasa a dagule, zamewa ta yi yawa.

Tambaya: Ni ce shugabar wata ƙungiyar manoma. Taraktarmu da baya kaɗai take ja, ba mu da halin sauya ta yanzu. Da damina sai ta yi ta kafewa. Akwai abin da za mu yi mata?

Amsa: Akwai, Hajiya, kuma mafi amfaninsu ba ya cin ko kwabo. Ku fara da iskar taya. Mai faci yakan bunƙasa tayar tarakta da iska mai yawa don bakinta ya zauna a kan rim, sai a manta a bar ta haka, psi 25 ko 30. Taya mai wannan tauri kaɗan daga cikinta ne ke taɓa ƙasa, haƙora biyu ko uku ne ke riƙo, ga nutsewa. Idan aka rage iska sai sawunta ya yi tsawo, haƙora da yawa su kama, nauyi ya bazu. Tsohuwar irin taya mai taurin gefe ana saukar da ita zuwa psi 12 ko 14 a gona, kada a yi ƙasa da haka, don gefenta zai riƙa lanƙwashewa ya tsage, ko rim ya juya a cikinta ya fizge bawul ɗin tub. Radiyal, wadda za ku ga harafin R a lambarta kamar 16.9R30, tana jure psi 8 zuwa 12 muddin nauyin da ke kanta ya yarda. Kowane kamfanin taya yana da jadawalin nauyi da iska, shi ne alƙali. A auna da geji da safe kafin taya ta yi zafi, a mayar da iska kafin a hau titi da kaya. Wajen zaunar da taya a rim kuma kada a taɓa wuce psi 35, taya ta kashe mutane a wannan aiki.

Sai haƙoran tayar. Idan sun cinye suka koma rabi, a laka ba su da sauran amfani. Zanen R-1 shi ne na noma na yau da kullum, R-1W ya ɗan fi shi zurfi, R-2 kuwa zurfinsa ya kusa ninka na R-1, don gonakin shinkafa da rake aka yi shi, sai dai yana saurin cinyewa da jijjiga a titi. A duba kuma yadda aka ɗaura ta: idan ka kalli saman tayar, tsinin zanen gaba yake nunawa. A haka take turo laka waje tana share kanta. Aka juya ta, laka ce za ta taru a tsakiya tayar ta koma sumul.

Na uku, ƙarin nauyi, kuma a nan ake yin kuskure. Ga aikin garma a gudun kilomita 7 zuwa 9 a awa, ana son jimillar nauyin tarakta ya kai kilo 55 zuwa 65 ga kowane doki na PTO, kashi 70 zuwa 75 a baya. Hanya mafi sauƙi ita ce zuba ruwa a tayoyin baya. A ɗaga ƙafar da jak, a juya bawul ya zo sama, a cire zuciyarsa, a zuba ruwa ana tsayawa ana barin iska ta fita, har ruwan ya kai bakin bawul. Kashi 75 ke nan, sauran a bar wa iska don tayar ta samu lanƙwasa. Taya 16.9-30 tana cin kusan lita 270, kowace lita kilo ɗaya, kun ƙara sama da rabin tan ke nan a ƙafafu biyu. A cika duka biyun daidai. A ƙasashen da ruwa ke daskarewa ana haɗa shi da sinadarin kalsiyum kuloraid, wanda ke cin rim idan ya yoyo.

Amma ku lura, nauyi yana taimako ne inda akwai ƙasa mai ƙarfi a ƙarƙashi da taya za ta cim ma, kamar laka mai santsi a sama da tauri a ƙasa. Inda taushin ya yi zurfi, ƙarin nauyi ƙarin nutsewa ne. A can faɗi ake nema: ko a haɗa taya bibbiyu a kowane gefe a rage musu iska, ko a ɗaura ƙafafun ƙarfe masu kama da keji da ake amfani da su a gonar shinkafa. Duk biyun suna ƙara wa aksul wahala, taya bibbiyu ba ta shiga kwarin garma, ƙafar ƙarfe kuma ba ta hawa titi.

Kada kuma a manta da gaban. Aƙalla kashi 20 na nauyi ya zauna a ƙafafun gaba ko da an ɗaga garma, in ba haka ba sitiyari ba zai ji magana ba. Idan akwai hali, a sa tayar gaba mai faɗi a madadin siririyar.

Sauran yana hannun direba. Mafi yawan taraktoci suna da feda a ƙarƙashin dunduniyar dama da ke kulle ƙafafun baya su juya tare, wadda ake kira diflok. Ba tare da ita ba, ƙafar da ta fi samun santsi ita ce ke kwashe juyin, ɗayar ta tsaya tana kallo. A taka ta kafin a shiga wuri mai santsi. Idan ƙafa ɗaya ta riga ta ɗauki gudu, a taka kuloci tukuna, don cusa ta a haka yana karya haƙoran ciki. A sake ta kafin kwana, in ba haka ba tarakta miƙewa za ta yi. Sannan akwai hannun haidirolik mai daidaita ja, tsarin da Harry Ferguson ya ƙirƙiro, wanda ya bazu da taraktar Ford 9N a 1939 da Ferguson TE20 a 1946. Idan garma ta yi nauyi, sai ya ɗan ɗago ta da kansa, nauyinta da na ƙasar da ke kanta su koma kan ƙafafun baya daidai lokacin da suke buƙata. Direbobi da yawa ba sa taɓa wannan hannu, suna aiki da na ɗagawa da saukewa kaɗai, alhali shi ne babban makamin mai ja da biyu. In duk an yi wannan tana ci gaba da zamewa, a cire faifai ɗaya daga garmar a ɗan ƙara gudu. Garma mai faifai biyu da ke tafiya ta fi mai uku da ke tsaye.

Tambaya: Ni makanike ne. An kawo mini fowil da tayoyin gabanta suka cinye, mai ita ya sa wasu da suka ɗan fi ƙanƙanta. Tun daga nan take gurnani idan an sa fowil, ga wuyar fita. Daga ina matsalar?

Amsa: Daga tayoyin ne, Malam. A irin wannan tarakta babu abin da ke sasanta gaba da baya, farfela ce ta haɗa su kai tsaye da ƙayyadadden rabo na giya. An tsara ta yadda tayar gaba za ta fi ta baya cin ƙasa da kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari, gaba yana ɗan ja, baya yana biye. Da aka sa ƙaramar taya, gaban ya koma baya a tafiya, ƙafafun baya suna tura shi yana turjewa. Wannan ƙarfin a cikin farfela da giyoyin aksul yake murɗewa, shi ne gurnanin, shi ne kuma ya sa fowil ɗin ya ƙi fita sai an ɗan ja da baya. Idan tayar ta yi girma fiye da kima, akasin haka ne: gaba yana kankarar ƙasa, haƙora su ƙare da wuri. Idan kuma aka sa sababbi a baya aka bar cinyayyu a gaba, irin matsalar ƙaramar taya ce ke faruwa.

Ga yadda za ka auna. A fili mai tauri, yi alama a tayar gaba da ta baya. Sa fowil, a tafi a miƙe a hankali, ka ƙirga juyin gaba a cikin juyi goma na baya, har da ɓurɓushin juyi, wanda za ka samu ta ƙirga haƙora. Cire fowil a maimaita. Misali da fowil 13.4, ba fowil 13.0. Bambancin 0.4, raba da 13.0, kashi 3 ke nan, lafiya lau. Idan adadin da fowil ya gaza na ba fowil, gaban yana baya, a nemo tayar da littafin taraktar ya ambata. Ƙara wa gaba iska kaɗan yana gyara ɗan ƙaramin bambanci, amma ba ya gyara taya da ba girmanta ba. Kada kuma a haɗa radiyal da wadda ba radiyal ba a aksul guda.

Tambaya: Laifi ne a bar fowil a kunne kullum?

Amsa: A gona a bar shi, ƙasa mai taushi tana shanye ɗan bambancin gudun nan. A kwalta ko busasshiyar hanya a cire, domin can tayoyi ne za su biya, ga ƙarin mai da faɗin kwana. Banda guda ɗaya: gangara mai santsi da tirela a baya. Yawancin taraktoci birkinsu a baya kaɗai yake, fowil ne ke isar da shi ga ƙafafun gaba, shi ya sa sababbi da yawa suke kunna shi da kansu da zarar an taka birki biyu tare. Haka nan idan akwai bokitin lodi a gaba cike da kaya, baya yakan yi sakayau, a nan mai ja da biyu ba ta da abin riƙo sai an rataya mata nauyi a baya.

Tambaya: Tun da na sayi fowil ban ƙara kafewa ba, ko an yi ruwa jiya yau ina gona. Amma na lura inda taya ta bi ruwa yana kwanciya, shuka ta tsumbure ta yi rawaya. Taraktar ce?

Amsa: Taraktar ce, Alhaji, amma ba fowil ɗin ne ya yi ba, ranar shigar ce. Wannan shi ne abin da ya fi damun mu game da mai ja da huɗu. Mai biyu idan ƙasa ta jiƙe fiye da kima ƙin tafiya take yi, dole a haƙura a jira. Mai huɗu ba ta ƙi, sai ta wuce, a ɗauka gonar ta yi, alhali ana daɓe ta ne kamar tsakar ɗaki.

Ƙasa mai kyau kusan rabinta ramuka ne da iska da ruwa ke bi. Idan tana da danshi sosai, ruwan yana sa ƙwayoyinta su zame su cushe, ramukan su toshe, saiwa ta rasa iska da hanya, ruwa ya rasa mashiga. Takawar farko ce ke yin mafi yawan ɓarnar, kusan kashi uku cikin huɗu. Dannewar sama iskar taya ce ke jawo ta, domin matsin da taya ke yi wa ƙasa bai fi iskar cikinta da yawa ba. Dannewar can ƙasa kuwa nauyin da ke kan aksul ne, faɗin taya ba ya hana ta. Aksul mai ɗauke da ƙasa da tan 5 yawanci a sama ɓarnarsa ke tsayawa, inda garma za ta iya warwarewa. Wanda ya kai tan 10 a jiƙaƙƙiyar ƙasa yana danna har zurfin rabin mita, wannan kuwa shekaru yake ɗauka. Sau da yawa ma tirelar da aka cika aka shiga da ita gona ce mai laifin, ba taraktar ba.

Don adalci, mai biyu ma tana da tata ɓarnar. Tayar da ke juyawa a banza a cikin kwarin garma tana shafe gindin kwarin ya yi sumul, ta bar wani faifai mai tauri da ruwa ba ya ratsawa. A rana guda, a ƙasa guda, mai huɗu da aka rage wa iska ta fi tausaya wa gona.

Kafin ka shiga, tona santimita 10 zuwa 15, ka ɗebo ƙasa daga can, ba daga saman da rana ta busar ba. Murza ta a tafin hannu. Idan ta miƙe ta yi siririn zare mai kaurin milimita 3 ba ta karye ba, ta jiƙe da yawa, a jira. Idan ta marmashe kafin ta kai haka, a shiga. Rairayi yakan tsane cikin kwana ɗaya ko biyu, laka tana buƙatar fiye da haka. Ka kuma riƙa bin sawu guda a duk aikin feshi, taki da kwasar amfani, maimakon a taka ko'ina. Inda ya riga ya danne, a tsaga shi da dogon haƙorin ƙarfe, ɗan ƙasa da inda taurin ya tsaya, amma sai ƙasa ta bushe yadda za ta farfashe. A jiƙe, yanka kawai zai yi ya bar wani shafen.

Gonar shinkafa da ake dama taɓonta da gangan hukuncinta daban ne, can ana son ƙasan ya yi tauri don ya riƙe ruwa ya kuma ɗauki tarakta. Sai dai a soka sandar ƙarfe a wurare da dama kafin a shiga. Idan taɓon ya wuce santimita 30 kafin a ji tauri, mai biyu ba ta da aiki a wurin. Idan ya kai inda cikin tarakta zai zauna a ƙasa, mai huɗu ma haka, domin da zarar ciki ya ɗauke nauyin, duk ƙafafun a iska suke juyawa. Bayan aiki cikin ruwa a wanke aksul ɗin gaba, a matsa giris a duk bakunansa har tsohon ya fito, a buɗe toshen man aksul da na cibiyar kowace ƙafa. Man da ya yi fari-fari ruwa ya shiga, sil ya mutu, a sauya duka kafin boris da giyoyin ciki su bi.

Tambaya: Idan tarakta ta kafe, mene ne daidai? Na ga ana ɗaura gungume a jikin tayar baya don ta taka ta fito.

Amsa: Don Allah, ɗan'uwa, duk inda ka ga ana haka ka hana. Idan tayar baya ta kasa juyawa kuma giya tana gaba, ƙarfin injin bai da inda zai je sai ya juya taraktar kanta a kan aksul. Gaba ya tashi, cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya ta wuce inda za ta dawo, ta kife a kan direba. Ƙafar mutum ba ta isa kuloci a wannan lokaci. Gungumen da ya tokare ƙasa abin da yake haifarwa ke nan, in kuma ya kuɓuce ya zagayo, kan direba yake nufa.

Da ka ji tana nutsewa, taka kuloci nan take, kowane ƙarin juyi rami yake tonawa. Ɗaga garma, in ta ƙi ɗaguwa a kwance ta. Taka diflok, sa fowil in akwai, sa giyar baya mafi ƙanƙanta, ka saki kuloci a hankali da matsakaicin wuta. Da baya ake fita, domin a giyar baya ƙarfin yana danna gaban taraktar ƙasa ne maimakon ya ɗaga shi, kuma hanyar da ka biyo ta riga ta danne. In ta ƙi, a haƙe taɓon da ke bayan dukkan ƙafafun da wanda ke ƙarƙashin ciki, a yi gangara mai sauƙi, a shimfiɗa katako ko duwatsu a bayan tayoyin, a ƙasa, ba a ɗaure ba.

Idan sai an ja, a samo tarakta da ta kai ta nauyi ko ta fi, ta tsaya a wuri mai tauri. Sarƙa daga sandar ja zuwa sandar ja, ƙarfen nan da ke ƙasa da aksul ɗin baya. Ɗaurawa a saman aksul ko a mazaunin hannun sama na garma yana kifar da mai jan, ɗaurawa a sandar sitiyari ko aksul ɗin gaba yana lanƙwasa su. Sarƙar ta zama mai ɗaukar fiye da nauyin taraktar, ba wadda aka haɗa da ƙusa ko waya ba. Kada a haɗa igiyar roba mai miƙewa da ƙugiyar ƙarfe, in ta tsinke harbo ƙugiyar take yi. A miƙar da sarƙa a hankali har ta yi tauri sannan a ja, ban da fizga. Direbobin biyu su yarda da alamar tsayawa tun kafin a fara, mutum ɗaya ne zai riƙa ba da ita, sauran jama'a su matsa nesa fiye da tsawon sarƙar. In taraktar tana da ƙarfen kariya a saman kujera, a miƙar da shi a kulle, direba ya ɗaura bel. Bayan ta fito a kankare lakar da ta cushe rim da birki, a gwada birkin a fili kafin a hau hanya.